Yadda Za a Kare Mai Raunin Garkuwar Jiki a Gida Lokacin Annobar Cutar Numfashi

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a Legas, kuma kafin tsakiyar Afrilu ta iso Kano. Shawarar da aka yi ta nanatawa a rediyo a lokacin guda ce ga kowa da kowa: a wanke hannu, a sa takunkumi, a ba da tazara. Shawara ce mai kyau, sai dai an ɗinka ta ne daidai jikin mai lafiya. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, da matar da ke karɓar maganin sankarar mama, da saurayin da bai daɗe da fara shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki ba, su kam abin da wani zai yi kwana uku yana atishawa ya miƙe shi ne ke kai su gadon asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma ƙwayar tana nan, ga kuma muguwar murar nan ta infuluwenza da ke zagayowa. An gina wannan jagora a kan korona ne, amma yawancinta za ta yi aiki ga duk annobar da ke bin numfashi.

Mai raunin garkuwa ba zai iya kare kansa shi kaɗai ba. Ko ya daina fita, cutar za ta iske shi har kan gado, a numfashin ɗansa da ya dawo daga makaranta ko ƙanwarsa da ta zo dubiya. Aikin na mutanen gida ne gaba ɗaya, kuma mafi yawansa kafin kowa ya yi tari ake yin sa.

Mataki na farko: a san wa ake karewa

Ba kowane marar lafiya ne garkuwarsa ta yi rauni ba, kuma da yawa daga masu raunin ba a gane su a fuska. A sahun gaba akwai wanda aka yi wa dashen ƙoda ko wata gaɓa, domin magungunan da yake sha har abada, irin su tacrolimus da cyclosporine da mycophenolate, aikinsu ke nan su kwantar da garkuwa kada ta yaƙi sabuwar ƙodar. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, ga waɗanda suka yi a Indiya da Masar, don haka irin waɗannan mutane suna cikin unguwanninmu. Sai mai ciwon daji da ke karɓar maganin ƙona daji, musamman dajin jini. Sai mai cuta mai karya garkuwar jiki wanda ba ya shan magani, ko wanda ƙidayar CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwa na cikin jini, ta gaza 200. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta, haɗarinsa ya ragu ƙwarai. Sai masu shan methotrexate ko azathioprine ko karɓar rituximab saboda ciwon gaɓɓai ko na ƙoda, da duk mai shan prednisolone miligiram 20 ko fiye a kullum har sati biyu ko fiye.

A bayansu akwai waɗanda cutar ke yi wa mugun kamu ko da ba magani ne ya danne garkuwarsu ba: mai wankin ƙoda, mai amosanin jini, mai ciwon sugan da bai daidaita ba, mai tarin fuka, mai juna biyu, yaro mai tamowa, da dattijon da ya haura 60.

Akwai wani rukunin da ake mantawa da shi saboda ba ya zuwa asibiti: masu sayen dexamethasone ko prednisolone a kemis don ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe, ko don ciwon jiki, suna sha wata da watanni. Waɗannan sun danne garkuwarsu ba su sani ba. In akwai irin wannan a gida, kada a ce ya yar da maganin yau ɗin nan. Jikin da ya saba samun wannan sinadari daga waje yana daina yin nasa, kuma yankewa farat ɗaya na iya jawo faɗuwar jini da suma. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.

Mataki na biyu: zama da likita tun ana lafiya

A je wurin likitan da ke bin ciwon da tambayoyi uku, a rubuta amsoshin. In na kamu, wane magani zan ci gaba da sha, wanne za a dakatar? Wane asibiti zan nufa in abin ya faru da tsakar dare? Akwai maganin kashe ƙwayar da ya dace da ni, kuma ina ake samunsa? Sannan a rubuta a takarda guda sunan ciwon, da kowane magani da adadin miligiram da lokacin shansa, da sakamakon gwajin ƙoda na ƙarshe, da lambar wayar asibiti. A liƙa ɗaya a bangon ɗaki, a ɗauki hotonta a wayar mutum biyu. Ranar da numfashi ya sarƙe ba wanda ke tuna sunan magani.

A tanadi maganin yau da kullum na aƙalla wata guda, domin dokar kulle da yankewar hanya ba sa sallama. Cibiyoyin da ke ba da maganin cuta mai karya garkuwar jiki suna ba wanda ya daidaita na wata uku zuwa shida a lokaci guda, sai a nema. A haɗa a jaka ɗaya: ma'aunin zafin jiki, na'urar auna iskar oksijin ta ɗan yatsa da batirinta, takunkumi N95 kamar goma, kayan gwajin gaggawa na korona, farasitamol, da garin gishiri da sukari na ORS.

Rigakafi yana da wuri biyu a nan. Na farko a jikin majinyacin. Allurar korona ta fara isowa Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kuma ba a ɗauki lokaci ba aka gane cewa masu raunin garkuwa ba sa samun cikakkiyar kariya daga allura biyu kamar sauran mutane. Shi ya sa a watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara musu ta uku, daga baya kuma a riƙa sabuntawa bayan wata shida zuwa goma sha biyu. Lokacin yin allurar yana da tasiri: in da hali a yi ta aƙalla sati biyu kafin a fara maganin da ke danne garkuwa, mai karɓar rituximab kuma likitansa ne zai zaɓi ranar, domin allurar da aka yi dab da bayan maganin kusan ba ta kamawa. Allurai masu ɗauke da ƙwaya mai rai, irin ta shawara da ta ƙyanda, ba a yi wa mai tsananin rauni sai da izinin likita. Allurar korona ba ta cikin waɗannan.

Wuri na biyu shi ne jikin sauran mutanen gida, kuma shi aka fi sakaci da shi. Miji da mata da manyan 'ya'ya da mai aiki duk su yi. Allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma duk abin da ya rage yiwuwar shigowar cutar gida riba ce ga wanda jikinsa ba ya amsa allurar sosai.

Mataki na uku: iskar ɗaki

A nan aka fi yin kuskure, kuma a nan kariya mafi arha take. A farkon annobar an ɗauka cutar na bin manyan ɗigon yawu da hannu ne kawai, shi ya sa aka yi ta feshin tituna da goge ƙofofi. Daga baya ta tabbata cewa babbar hanyarta ita ce ƙananan ɓurɓushin numfashi da ido ba ya gani, waɗanda ke fita ko da magana kawai ake yi, su rataya a iska kamar hayaƙin turaren wuta. A ɗakin da ke rufe sukan taru, su cika shi, su daɗe bayan mai su ya fita. Tazarar mita biyu kaɗai ba ta isa kariya a irin wannan ɗaki, kamar yadda zama a lungu ba ya hana mutum shaƙar turare. Kuma mai ɗauke da korona yana fara yaɗa ta kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya ji alamar komai a jikinsa.

A fara da zaɓen ɗaki. A ba majinyaci ɗakin da ke da taga biyu a bango daban-daban, ko taga da ƙofar da ke kallon tsakar gida, wanda ba ta cikinsa ake bi a shiga wani wuri ba. Taga guda ba ta isa ba, iska sai ta sami mashiga da mafita take tafiya. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da yara 'yan makaranta ko mai zuwa kasuwa kullum. In gidan ɗaki ɗaya ne da falo, a nisanta shimfiɗu, a sa tasa kusa da tagar da iska ke shigowa ta nan, a bar tagogi a buɗe duk dare.

Don gane inda iska ta dosa, a kunna turaren tsinke lokacin da majinyacin ba ya ciki, a riƙe shi a bakin taga da bakin ƙofa, a kalli hayaƙin. Abin da ake so shi ne iskar waje ta shigo ɗakinsa ta wuce, ba iskar falon da mutane ke zaune ta kwararo masa ba. In hayaƙin ya miƙe sama ya tsaya cak, ɗakin ba ya numfashi.

Fankar sama juya iskar da ke ciki kawai take yi, ba ta kawo sabuwa, don haka amfaninta sai taga na buɗe. Fankar tsaye ta fi amfani in aka ajiye ta a bakin taga. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango ita ma iskar ɗakin take sanyayawa ta maido, ga shi kuma saboda ita ake toshe ko'ina. Falo mai sanyi a rufe da mutum takwas a ciki ya fi rumfar tsakar gida haɗari nesa ba kusa ba.

Da hunturu ne abin ke wuya, sanyi da ƙura su sa a rufe komai, lokacin kuma da mura ke yawo. Mafita ita ce a ƙara bargo a bar taga a ɗan buɗe, faɗin tafin hannu, sannan a wangale duka na minti goma duk sa'a guda in akwai mutane a ɗakin. Da damina kuma sauro ne ke sa a rufe, sai a sa raga a taga a kwana cikin gidan sauro. Kada a kunna maganin sauro mai hayaƙi ko gawayi a ɗakin mai raunin huhu, janareta kuwa ya yi nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Mai hali zai iya sayen na'urar tace iska mai matatar HEPA. Kada a saya da ka, a yi lissafi. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3, yana ɗauke da iska mita kubik 36. Ana so a tace iskar sau biyar a sa'a, wato a nemi na'urar da aka rubuta tana tace mita kubik 180 a sa'a ko fiye. Ƙaramar da ba ta kai haka ba ado ce kawai. Akwai kuma 'yar na'urar auna iskar kabon da mutane ke fitarwa: a waje takan nuna wajen 420, in ta haura 800 a ɗaki alama ce ana shaƙar numfashin juna, a buɗe taga.

Mataki na huɗu: takunkumi

Takunkumin yadi da na shuɗin nan na asibiti sun fi tare abin da ke fita daga bakin mai sanye da su, amma iska na kutsawa ta gefen kumatu. Wanda ake so ya kare mai raunin garkuwa shi ne N95 ko KN95 ko FFP2, masu tace kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari na ƙananan ɓurɓushi, in sun zauna daram a fuska. Zaman shi ne komai.

A wanke hannu, a ɗora takunkumin daga ƙasan haɓa zuwa karan hanci. In mai igiya biyu ne ta bayan kai, ɗaya a saman kunne, ɗaya a wuya, kada su harɗe. A danna ƙarfen hanci da yatsun hannu biyu daga tsakiya zuwa gefe. Matse shi da hannu ɗaya yana barin kusurwa a saman hanci inda iska ke bi. Sannan a rufe shi da tafin hannu biyu a fitar da numfashi da ƙarfi. In an ji iska a ido ko a kumatu, ko tabarau ya yi hazo, bai zauna ba, a gyara.

Gemu yana ɗaga gefen takunkumi, kuma babu irin matsewar da za ta toshe wannan gaba ɗaya. Mai gemu ya san cewa kariyarsa ta ragu, ya cike giɓin da nisantar ɗakunan da ke rufe. Niƙabi da gefen mayafi da rawani ba takunkumi ba ne. Mace ta sa N95 a kan fata, hijabi ko niƙabi ya biyo a kai, kada yadin hijabin ya shiga tsakanin takunkumi da kumatu. Takunkumi mai 'yar ƙofar fitar da numfashi a gaba yana kare mai shi ne kawai, don haka mai jinya kada ya sa irinsa. Ba a sa wa yaron da bai kai shekara biyu ba ko wanda ba zai iya cirewa da kansa ba.

Ba a wanke N95. Ruwa da sabulu da man tsaftace hannu suna kashe ƙarfin da ke sa zarensa kama ɓurɓushi, ya fito fes amma fanko. A ware guda biyar, kowanne da ambulan ɗinsa na takarda, a sa ɗaya yau a mayar, sai bayan kwana biyar a dawo kansa. Leda tana riƙe danshi, ba a ajiyewa a ciki. Wanda ya jiƙe, ya yi datti, ko igiyarsa ta saki, a yar. In na shuɗin kawai ake da shi, a ƙulla igiyar kowane kunne dab da jikin takunkumin, a cusa gefen ciki, a ɗora na yadi a kai ya danne shi.

Mataki na biyar: 'yan dubiya, masallaci da taro

Wannan ya fi kowanne nauyi, domin a wurinmu hana mutum shiga ya gaida marar lafiya kamar yanke zumunci ne. Kada a bar majinyaci da wannan aiki, kunya ba za ta bar shi ya ce wa kawunsa ya tsaya a waje ba. Mai gida ko babbar 'ya ce za ta tari baƙi tun daga zaure: "Baba, likita ya ce a riƙa gaisawa da shi a tsakar gida, ga kujera a inuwa." A shimfiɗa tabarma a waje, tazarar mita biyu, mutum biyu ko uku a lokaci guda, minti goma sha biyar, babu musafaha babu runguma. Mai tari ko majina ko zazzaɓi ya yi gaisuwarsa ta waya. Addini ma yana bayan wannan: ya tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kada a shiga garin da annoba ta sauka, na ciki kuma kada su fita.

Ba a kulle shi a ɗaki ana miƙa masa abinci kamar wanda ya yi laifi. Kaɗaici yana karya zuciya, wanda zuciyarsa ta karye kuma yakan daina cin abinci da shan magani. Hira a tsakar gida da yamma, iska na kaɗawa, haɗarinta kaɗan ne.

Lokacin da cuta ke tashe a gari, ya yi sallarsa a gida, rashin lafiya uzuri ne da malamai suka sani. In ta lafa yana son jam'i, ya tsaya a sahun haraba da takunkuminsa da dardumarsa, ya yi alwala daga gida. Tarawihi da tahajjud a masallacin da ke cike, da zaman makoki a ɗaki, da ɗakin mai jego ranar suna, da ɗakin amarya, su ne wuraren da sa'o'i ke wucewa ana shaƙar iska ɗaya. Mai niyyar Hajji ko Umara ya fara da likitansa, har da batun allurar shawara da ake nema daga matafiyan Najeriya.

Zuwa asibiti kuwa ba a fasa shi. Tsallake wankin ƙoda ko maganin daji saboda tsoron korona ya fi koronar haɗari. A tura wani ya bi layin kati, majinyaci ya jira a waje har a kira shi. A hanya, adaidaita sahu da aka ɗauka shata ya fi motar haya mai rufaffen gilashi.

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 yana nan daram, ko man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 ko fiye. Majinyaci ya sami kofinsa da cokalinsa da butarsa, a zuba masa abinci a kwanonsa. Don goge marikin ƙofa da bayan gida, in ruwan bilic mai ƙarfin kashi 3.5 ne, murfi ɗaya a murfi 34 na ruwa, a haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani maganin wanke masai domin yana tayar da iska mai guba.

Mataki na shida: in wani a gida ya fara mura

Kada a jira gwaji, kada kuma a ce ai murar sanyi ce. Daga atishawar farko a raba su. Mai murar ne ke komawa ɗaki shi kaɗai, ƙofa a rufe, taga a buɗe, fankar tsaye a bakin tagar tana hura iska waje, ba ta fuskar ɗakin majinyaci ba. Wanda ke jinyar mai murar kada ya zama shi ke jinyar mai raunin garkuwa. In mutum ɗaya ne dole, ya fara da mai raunin, da N95 a fuskarsa, sannan ya wuce wurin mai murar. In bayan gida ɗaya ne, mai raunin ya fara shiga, ko a bar shi a buɗe rabin sa'a bayan mai murar ya fito. In akwai gidan ɗan'uwa da babu mai ciwo kuma babu yara, mayar da majinyacin can na kwana goma ya fi duk wata dabara.

Gwajin gaggawa na hanci yakan kasa ganin cutar a ranar farko. In bai nuna komai ba, a sake bayan sa'a 48. A karanta sakamakon a lokacin da takardar ta ce, galibi minti 15, layin da ya fito bayan rabin sa'a ba abin dogaro ba ne. Layi na biyu ko da dishi-dishi ne, cutar ce. Mai murar ya ci gaba da nisantar majinyaci har kwana goma daga ranar da ya fara.

Mataki na bakwai: in shi ne ya kamu

A rubuta ranar da alamar farko ta bayyana, domin daga ita ake ƙirga komai, a kira likita a ranar. Jira a ga yadda hali zai yi shawara ce ta mai lafiya. Magungunan kashe ƙwayar suna da wa'adi: nirmatrelvir da ritonavir, wanda aka sani da Paxlovid, ana fara shi cikin kwana biyar na farko, sau biyu a rana har kwana biyar. Remdesivir ta jijiya ake ba da shi kwana uku a jere, cikin kwana bakwai na farko. Molnupiravir ma cikin kwana biyar ne, ba a ba mai juna biyu. In infuluwenza ce, oseltamivir ya fi aiki cikin sa'a 48. Ba kowane asibiti ke da su ba, shi ya sa aka ce a tambaya tun a mataki na biyu.

Kada a sha Paxlovid ba tare da likita ya ga takardar magunguna ba. Ritonavir da ke cikinsa yana hana hanta sarrafa wasu magunguna. Mai shan tacrolimus ko cyclosporine, maganin zai taru a jininsa har ya lalata ƙodar da ake ƙoƙarin karewa. Mai shan rifampicin na tarin fuka, ko carbamazepine na farfaɗiya, waɗannan magunguna kuma suna kore Paxlovid ɗin daga jiki ya zama bai yi aiki ba. Mai raunin ƙoda rage masa adadin Paxlovid ɗin ake yi. Maganin cuta mai karya garkuwar jiki da na tarin fuka ba a dakatar da su don an kamu da korona.

Abin da ake yawan saya a kemis a irin wannan rana yawanci ɓarna ce. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa wannan ƙwaya. Kulorokwin an gwada shi bai amfana ba. Dexamethasone, wanda binciken da aka yi a Birtaniya ya nuna a watan Yunin 2020 yana ceton rai, yana yin haka ne ga wanda ya kai matakin buƙatar oksijin a asibiti. Shan sa a kwanakin farko yana ƙara danne garkuwar da ke fafutuka, ya kuma tayar da suga. Mai ciwon ƙoda ya guji ibuprofen da diclofenac. Farasitamol ya wadatar: ga babba giram ɗaya duk sa'a shida, kada ya wuce giram huɗu a yini, kuma a auna zafin jiki kafin a sha domin yana ɓoye zazzaɓi.

Zafin da ya kai 38 a jikin mai karɓar maganin daji na gaggawa ne, ko da tsakar dare, ko da yana cewa ya ji sauƙi. Ƙwayoyin jininsa masu yaƙi sukan yi ƙasa sosai kwana 7 zuwa 14 bayan maganin, kuma bakteriya na iya mamaye jini cikin sa'o'i. Mai shan prednisolone kuma yana iya yin ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, amma samunsa ba ya nufin babu korona, sukan haɗu.

A auna oksijin sau uku a rana a rubuta. Ya zauna ya huta minti biyar, hannu da ɗumi, a sa na'urar a yatsan tsakiya ko manuni, a jira minti guda lamba ta tsaya. Lamba biyu ke fitowa, wadda ke ƙarƙashin SpO2 ita ce oksijin, ɗayar bugun zuciya ce. Jan farce da baƙin lalle da sanyin hannu suna rikita ta, a nemi yatsan da ba shi da su. Daga 95 zuwa sama daidai ne. 93 ko 94, a sake aunawa a kira likita. 92 ko ƙasa, asibiti nan take. A jikin baƙar fata na'urar takan nuna lamba sama da gaskiya, don haka in lamba ta yi kyau amma mutum na haki, a gaskata mutumin. In yana iya tashi, ya yi taku 40 a ɗaki a sake aunawa, faɗuwar maki uku ko fiye alama ce huhu ya fara gazawa. Korona takan rage oksijin mutum yana hira bai ji komai ba, kuma ta fi yin haka a sati na biyu, lokacin da mutanen gida suka fara sakin jiki.

Ba a jiran na'ura in aka ga ɗaya daga waɗannan: ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, numfashi ya kai 30 a minti, ciwon ƙirji da ba ya sauka, ruɗewa ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, harshe da cikin leɓe sun koma ruwan toka, fitsari ya ɗauke, ko aman da ya hana maganin dashe zama a ciki. Mai amosanin jini da ya haɗa zazzaɓi da ciwon ƙirji shi ma asibiti ne kai tsaye. A tafi da takardar bangon nan da kwalayen magungunan, gilashin mota a sauke, kowa da takunkumi, a faɗa tun a bakin ƙofa cewa garkuwarsa mai rauni ce don kada a zaunar da shi a layi. Lambar waya ta kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ita ce 6232.

Bayan ya warware, a sani cewa jikin mai raunin garkuwa yana daɗewa bai kori ƙwayar ba. Inda mai lafiya ke gamawa a kwana goma, shi yakan kai kwana ashirin ko fiye yana iya yaɗawa, don haka in akwai wani mai rauni ko tsoho a gidan, a nemi gwaji biyu a jere da ba su nuna komai ba, sa'a 48 tsakaninsu, kafin a haɗa su ɗaki. Tari ko zazzaɓin da ya dawo bayan an ji sauƙi a kai wa likita. Duk maganin da aka dakatar lokacin ciwon likitan da ya dakatar ne zai faɗi ranar komawa kansa, shi ne kuma zai sa ranar allurar rigakafi ta gaba, domin kamuwa sau ɗaya ba ta bar wa irin wannan jiki kariyar da za a dogara da ita.